Tallafin Taki: Sunan Wa ke Cikin Rajista?



Galibinmu nan Legas muke neman abinci, amma gonakinmu na gado suna can Kano da Katsina da Jigawa da Kebbi. Da zarar damina ta ƙarato, mu ake yi wa waya cewa a turo kuɗin taki. Saboda haka ya kamata mu san hannun wa tallafin gwamnati yake faɗawa, domin duk buhun da bai kai ga ɗan'uwanmu ba, daga aljihunmu za a cike gurbinsa.

Shekara da shekaru gwamnati ce ke sayen taki ta raba ta hannun jihohi da ƙananan hukumomi, sai manya da 'yan kwangila su karkatar da shi zuwa kasuwa. Dokta Akinwumi Adesina, lokacin da yake ministan noma, ya ce manoma 11 kacal cikin 100 ke samun wannan taki. A 2012 ya kawo tsarin GES, inda manomi zai yi rajista, a turo masa saƙo ta wayar salula, ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. An samu sauƙi, amma wanda ba shi da waya, ko sunansa bai shiga rajista ba, haka ya koma gida hannu rabbana.

A watan Nuwamba 2015 kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, ta hannun Babban Bankin Nijeriya. Wannan rance ne, amma da yawa sun ɗauka kyauta ce. An fitar da fiye da naira tiriliyan 1, aka yi ta kukan manoman bogi da kuma bashin da ba a biya ba. Waɗannan shirye-shirye duk sun wuce, sai dai kowane sabon shiri da rajista yake farawa, kuma nan ne ake yin cutar.

Don haka muna jan hankalinmu ga abubuwa huɗu.

Na farko, wanda ke riƙe da fartanya shi za a rubuta. A gaya wa 'yan'uwa su je wurin malamin gona ko ofishin KNARDA a Kano, ko KTARDA a Katsina, su tabbatar sunansu da lambar wayarsu daidai ne. Kada a manta da matan da mazajensu suka rasu suka bar musu gona.

Na biyu, kada kowa ya ba dillali lambarsa ta NIN ko BVN don 'yan kuɗin da za a ba shi. Shi zai kwashe kaya, kai a bar ka da bashi.

Na uku, mu ma mu ji tsoron Allah. Wanda ke sayar da kaya a kasuwar Agege, ba ya noma ko kunya ɗaya, kada ya sa sunansa. Haƙƙin maƙwabcinsa na ƙauye zai ci.

Na huɗu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar noma ta tarayya ya nemi bayanin rabon, kuma doka ta ce a amsa cikin kwana 7. Ofishinmu a shirye yake ya rubuta wa duk mai buƙata.

Haka kuma, kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba. A kawo ta ajin yaƙi da jahilci mu karanta tare, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.