Jawabi Kan Ɓarnar Ruwa a Gidajen Haya

Dattawa da 'yan'uwa mazauna Agege, duk bayan Babbar Salla sai mun zauna sulhu a kan ruwa. Mutum zai tafi Arewa, ranar babu ruwa, sai ya bar kan famfo a buɗe. Ruwa ya dawo cikin dare, ya cika ɗaki, ya zubo kan buhunan shinkafar na ƙasa. A ce mai gida ya biya? Haba jama'a! Sakacinmu ne, mu za mu biya.

Amma bututun da ya ruɓe don tsufa, ko tankin da kowa ke ɗiba, wannan na mai gida ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora masa gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya.

Don Allah, in mun ga yoyo mu sanar da shi a rubuce. Kada mu gyara da kuɗinmu sai da yardarsa, mu kuma riƙe rasit. Mai tafiya ya kashe ruwan ɗakinsa, ya bar makulli wurin maƙwabci. Wassalam.