Ba Gwamnati Ce Ta Dawo Da Itatuwan Maraɗi Ba

Wannan shi ne jawabin da wani Malami daga cikin 'yan uwa ya gabatar a wajen ta'alimin manoma da makiyaya, a wani ƙauye na arewacin Katsina daf da iyakar Nijar.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (SAW), Malam ya fara da tambayar dattawan wurin ko sun tuna lokacin da mace kan samo itacen girki a bayan gari ta dawo kafin hantsi. Suka amsa da e. Ya ce to yau ga shi kara da kashin shanu ake ƙonawa, alhali taki ne da ya kamata ya koma gona. Ya ce in ana batun nan sai a ce hamada ce, ko kuma laifin gwamnati ne. Amma ga maƙwabtanmu na jihar Maraɗi, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, kuma gonakinsu sun sake cika da itatuwa.

Malam ya bayyana cewa tun zamanin Turawan Faransa doka ta mayar da itatuwa mallakar hukuma. Manomi kan sha tara a hannun ma'aikatan gandun daji saboda reshen da ya sara a gonar ubansa. Wa zai raini abin da ba nasa ba? Sai aka riƙa yi wa gona sassabe ƙarƙaf. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska na binne shuka da rairayi, a yi ta maimaita shuka. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu.

Ya ci gaba da cewa a 1983 wani Baturen mishan ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa kowace shekara toho ne na kututturen da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. A zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, shi ke nan. Wannan shi ne abin da mutanen can ke kira sassabin zamani. A nan Malam ya ɗan dakata, ya ce abin kunya ne a ce sai baƙo ya tuna wa Musulmi aikin da Manzonsu ya sanar da su cewa sadaka ce matuƙar mutum ko tsuntsu ko dabba sun ci daga gare shi.

Sai dai, in ji shi, dabarar kaɗai ba ta isa ba. A yunwar 1984 an haɗa barin itatuwa da rabon abinci, da abincin ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa ɓarayin itace suka dame su da dare. Abin da ya tsayar da al'amarin shi ne jama'a suka tashi da kansu. Ya kawo misalin ƙauyen Ɗan Saga a yankin Agiye, inda mutanen gari suka kafa kwamitin sa kai, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka yarda da ƙa'idojin sara, suna zagaya gonaki, wanda aka kama kuma a ci shi tara. Masu bincike sun kiyasta a 2009 cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Hukuma daga baya ta biyo sawu, inda a 2020 ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina.

Malam ya daɗe a kan gawo. Ya ce ku dubi hikimar Allah: itace ne da ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Haka sabara da kalgo da ake rainawa, su ne ke riƙe ƙasa in iskar bazara ta taso.

Game da matsayin Shari'a, ya ce wannan tsari ba baƙo ba ne. Manzo (SAW) ya keɓe Naƙi'u a matsayin hurumi don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi littafi a kan hukuncin filaye mai suna Ta'alimur Radi. Yau ina hurumin garinku? Ina burtali? An cinye su, masu hali ne kuma kan gaba, daga nan rigimar manomi da makiyayi ke tasowa har a zubar da jinin Musulmi.

Ya yi kira ga 'yan uwa da su shige gaba a kafa irin wannan majalisa a kowane ƙauye, amma ya gargaɗe su da kada su mayar da ita ta 'yan uwa zalla. A sa mai gari da liman da Ardo, a sa mata tunda su ke neman itacen. Kuɗin tara a rubuta, a karanta a gaban jama'a, a gyara rijiya ko rufin Islamiyya da su. Ɗan mai gari in ya sara, a ci shi tara kamar kowa, in ba haka ba majalisar ta mutu tun ranar.

Wani mai sayar da itace ya tambaya ko ke nan su bar sana'arsu. Malam ya ce a'a, rassan da ake datsewa kowace shekara su ne hajarsa, sai dai ya saya daga mai gona da rana tsaka.

An tashi da addu'a gab da Magariba.