Baƙin lalle da fitsari mai launin shayi

A Gaya da Ajingi kowace amarya so take baƙin lalle ya kama hannunta ɗam. Sai dai ganyen lalle ba ya yin baƙi. Dayis ne ke baƙanta shi, kuma galibi yana ɗauke da sinadarin PPD, irin na rinin gashi. Idan ya shiga ciki, ko yaro ya sha daga kwalba ko an zuba wa wani da gangan, cikin 'yan sa'o'i harshe da wuya su kumbura, numfashi ya sarƙe, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, daga baya ƙoda ta gaza. Likitocin Sudan da Maroko sun daɗe suna fama da shi, ba shi da makari.

Mu kuwa idan mutum ya mutu ta haka sai mu ce sammu ne, a yi jana'iza, magana ta mutu. Alhali shaida na nan cikin jini da fitsari, ɗakin gwaji na iya zaƙulo ta. Amma sinadarin yana saurin lalacewa idan ya sha iska. Don haka da zarar wani ya sha, a garzaya da shi Babban Asibitin Gaya, a roƙi likita ya ɗebi fitsarin farko a sanyaya shi. Kwalbar dayis ɗin ma a tafi da ita, kada a wanke.