Kalmar "Sanyi" da Lafiyar 'Yan Mata a Ƙasar Rano da Kibiya



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda harshe yake rufa wa ciwo asiri. An ɗauki ƙasar Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano, don yin misali, domin ƙasa ce ta manoma wadda ba ta yi wa birni nisa ƙwarai ba, amma manyan asibitoci da ƙwararrun likitoci suna can birnin.

A fara da kalmar "sanyi". Idan budurwa ko amarya daga Tarai ko Rurum ta daure ta je babban asibitin Rano, iyakar abin da za ta faɗa wa ma'aikaci shi ne tana da sanyi. To, wannan kalma guda ita ce take ɗauke da ƙaiƙayi, da fitar farin ruwa, da zafin fitsari, da ciwon mara. A wurin likita kuwa, waɗannan alamu ne na cututtuka daban-daban: wata ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, wata ko kusa ba ruwanta da namiji, kuma kowace da irin maganinta. Kunya ce ta sa Bahaushe ya dunƙule su haka, kuma kunya ba abar raini ba ce, don ita ce ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Amma illarta a nan ita ce mai kemis shi ma "maganin sanyi" zai miƙo, ba awo, ba tambaya. Sai ciwo ya lafa a waje, ya shige ciki, wani lokaci har ya toshe hanyar ƙwai. In an shekara uku da aure shiru, sai a ce iska ce ko sammun kishiya. Mijin kuwa, wanda watakila shi ya kawo cutar gida, ba mai ce masa ya je a auna shi.

Haka al'amarin yake game da shaye-shaye. In an ce "ɗan ƙwaya", saurayi ne yake zuwa a zuciya, a kango ko bakin tasha. Mace kuwa a ɗaki take sha, ta juye maganin tari mai kodin cikin kwalbar lemo. A 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta wannan magani kullum a Kano da Jigawa. A 2018, bayan wani rahoton BBC, Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Hani kuwa yana iya rufe kanti, amma ba ya warkar da wadda jikinta ya riga ya saba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya samu mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da su a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Amma cikin masu karɓar magani, mata ba su wuce kimanin ɗaya cikin 20 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uban da yake Kibiya sai ya ratsa birnin Kano kafin ya kai 'yarsa asibitin Dawanau, kuma ya san ranar da labari ya fita, manemanta sun watse. Saboda haka sai a kulle ta a gida, a ce ba ta jin daɗi.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta awon lafiya kafin aure, watau na ƙanjamau, da ciwon hanta, da na sikila. Doka ce mai amfani, musamman da yake ta haɗa har da ango. Sai dai a bakin ɗaurin aure take tsayawa, kuma yawancin cututtukan da ake kira sanyi ba sa cikin jerinta. Waɗannan sai a ƙaramin asibitin ƙauye za a kama su, in akwai ma'aikaciya mace, da ɗaki mai ƙofa, da takardar tambayoyi cikin Hausa wadda ta ware ƙaiƙayi daga zafin fitsari, ta kuma tambayi abin da ake sha don barci ya zo.