Wayar Uwargida: Tattali da Rufin Asiri

Wadda ke kan tukunya ta rage wuta, mai kitso da mai ɗinkin hula su ci gaba da abinsu, kunne kawai nake roƙo a ara mini. Yau hirarmu a kan wata 'yar aba ce da ke ƙulle a haɓar zanenki ko a ƙarƙashin matashinki, wato wayar hannu.

Manya daga cikinmu za su tuna shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya. A lokacin layi kaɗai sai ya ci naira 20,000, waya kuwa sai aljihun maigida. In za ki gaisa da gyatumarki, sai kin jira ya dawo da dare, yana tsaye a kanki yana cewa "a gajarta, kati na tafiya." Yau ga ta a hannunmu, kuma mun gode Allah. Mace tana cikin ɗakinta take sada zumunci, take yin barka da ta'aziyya, take sayar da turaren wuta da alkaki da dubulan ba tare da ta ɗora wa 'yarta talla ba. Babu wadda za ta ce a jefar da ita. Magana dai ita ce yadda za a riƙe ta.

'Yar uwa, dubi ginin gidanku. Akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ɗaki, akwai uwar ɗaki. Baƙo iyakarsa zaure, sai ya yi sallama an amsa, wani ma ko an amsa ba zai wuce nan ba. To ita waya ba ta da zaure. Wanda bai san ƙofar gidanku ba, da lamba kawai sai ki ji muryarsa har bakin gadonki. Abu na biyu kuma da ba mu cika lura da shi ba: ke ba kya fita, amma wayarki tana fita. Tana zuwa wurin mai caji, tana zuwa wurin mai gyara, katinki na banki yana zuwa wurin mai POS, duk a hannun yaro. Ke kina cikin lulluɓi, asirinki yana yawo a kasuwa ba mayafi.

Bari in ba ki labarin wata maƙwabciyata, ba zan kama suna ba. Ita ce uwar adashi a layinmu, mace mai amana, shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sai zubi ya koma ta asusunta na banki. Wata ranar Laraba tana tsakiyar tuƙa tuwo aka kira ta. Mutum ne mai ladabi, Hausa tsantsa, ya kira cikakken sunanta, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunta kafin la'asar in ba a gyara BVN ɗinta ba. Maigida yana kasuwa, ga kuɗin mutane a ciki, hankalinta ya tashi. Ya ce ta karanto lambobin jikin katinta, ta karanto. Ya ce wasu lambobi za su shigo yanzu, ta faɗa masa, ta faɗa. Kafin ta kwashe tuwon nan, zubin mata goma sha biyu ya tafi. Allah Sarki! Keken ɗinkinta da tumakinta biyu ta sayar ta biya, kuma ta ce da ni asarar ba ta yi mata ciwo kamar kallon da wasu suka riƙa yi mata ba.

Don haka ki riƙe wannan da kyau. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrinsa, ko lambobin jikin katinsa, ko lambobin da aka turo masa ta saƙo. Duk wanda ya tambaya, ɓarawo ne, ko da ya san sunanki da na kakanki. Makaminsu gaggawa ce da tsoratarwa, wani lokaci kuma kwaɗaitarwa: an ce kin ci gasa, ko sunanki ya fito a tallafi. Ke da ba ki shiga gasa ba, ina kika ci ta? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ki kashe wayar, ki jira maigida ko babban ɗanki a je banki a ji da baki. Haka ma lambobi 6 da WhatsApp ke turowa: wadda ta ba da su ta ba da WhatsApp ɗinta, sai a riƙa roƙon kuɗi wurin danginta da sunanta.

Mu dawo kan hannuwan da waya ke bi. In za a kai ta caji, ki kashe ta, ki sa mata makulli na lambobi, kada kuma lambobin su zama 1234 ko shekarar haihuwar ɗanki. In gyara za a kai, ki cire layi da memori su kwana a ɗakinki, in da hali wanda ya kai ya zauna a gyara a gabansa. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, amma shago wurin zaman jama'a ne, ba ki san idon da zai leƙa ba. Katin ATM kuwa, wallahi na sha ganin mace ta rubuta lambar sirri a takarda, ta naɗe katin da ita, ta miƙa wa ɗan shekara takwas. Wannan ai kin ba da akwati ne da makullinsa. Abin da ya fi, ki tura kuɗin da wayarki zuwa asusun mai POS ɗin da kuka saba da shi, yaro ya je ya karɓo a hannu. Wadda ba ta yi boko ba, kada ta ji kunya. Ki zaɓi mutum ɗaya tak da kika amince da shi, sannan ki sa 'yarki ta koya miki lambobi daga sifili zuwa tara. Guda goma ne kacal, wadda ta iya lissafin adashi da ka ba za su gagare ta ba.

Tun watan Disamba na 2020 hukuma ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Ma'ana, layin da aka yi wa rajista da sunanki, duk abin da aka aikata da shi ƙofarki za a fara ƙwanƙwasawa. Kada ki ara wa kowa NIN ɗinki don ya buɗe layi. In waya ta ɓace, a ranar a sanar da banki da kamfanin layi su rufe, domin layin nan shi ne ƙofar asusunki. In kuma za ki sayar da ita ko ki ba ƙanwarki, a goge komai tukuna.

Sai maganar hoto da murya, a nan ne mu da kanmu muke tona wa kanmu asiri. An yi lalle, an yi kitso, an ɗauki hoto ba ɗankwali, aka tura wa aminiya ɗaya. Ita ma ai tana da aminiya, tana da miji, tana da ƙanne masu taɓa wayarta. Ranki ya ɓaci da abokiyar zama ko uwar miji, kika danna kika zazzage cikinki a saƙon murya. Da can in kin faɗa a tsakar gida iska ce ke ɗauka, yanzu kuwa ajiye shi ake yi, wata rana a kunna a gaban wanda kika zaga. Magana zarar bunu ce, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A wurin biki ko suna, kada ki ɗauki matar wani hoto sai da izininta. Kuma a fahimce ni, rufin asiri daban, ɓoye-ɓoye tsakanin mata da miji daban. Mace ta gari ba ta ajiye abin da za ta firgita in maigida ya gani, ba ta kuma bin dare tana binciken tasa.

Yanzu ga tattali. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. To mu yi lissafi. Naira 200 kullum, a wata 6,000 ke nan, a shekara ta haura 70,000. Ashe jarin ƙuli-ƙuli ne muke ƙonawa a kallon bidiyon da ba ya ƙara mu da komai. Ki yanke wa wayarki kuɗin cefane na mako kamar yadda ake auna hatsi, in ya ƙare ya ƙare. Ki danna *310# ki ga kuɗinki, *323# ki ga ragowar data. In kin ga kuɗi na zurarewa ba ki yi kira ba, wataƙila an maƙala miki waƙar kira ko wasu saƙonni na biya, *305# ake dannawa a dakatar da su. Saƙonnin talla kuma, ki rubuta STOP ki tura zuwa 2442. Ki sa a rufe miki saukar da bidiyo da hotuna kai tsaye a WhatsApp, ki kashe data in kin gama. Bashin kati ki rage shi, domin abin da suke ba ki bai kai abin da za su cire ba.

Kada kuma gasar gidan biki ta sa ki raina wayarki. In ƙaramar nan mai tocila tana kira, tana karɓar saƙo, cajinta na kwana uku, me ya rage? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Na san waɗanda son babbar waya ya kai su cin bashi a manhajojin ba da rance na cikin waya. Wasu daga cikin manhajojin nan sukan kwashe duk lambobin da ke wayar mutum, ranar da ya gaza biya sai su tura saƙon cin mutunci ga kowa, har surukai. Kin ga inda rashin tattali ya haɗu da tonon asiri. Dama tare suke tafiya, mai yawan buƙata ita ce mai yawan buɗe ƙofa.

'Yar uwa, yau da dare in yara sun yi barci, ki ɗauki wayar nan ki duba ta kamar yadda kike duba ɗakinki in za a yi baƙi. Abin da ba ki son idon waje ya gani, ki goge. Lambar sirrin da mutum uku suka sani, ki sauya. Gobe kuma ki isar wa maƙwabciyarki da ba ta ji ba, in kunne ya ji jiki ya tsira.

A nan zan dasa aya. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu. Ku huta lafiya.