Firist, Hadaya da Kafara: Asalin Kalmomi Uku a Tauhidin Kirista



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne kalmomi uku waɗanda duk mai karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun daga fassarar da ta fito cikakkiya a 1932 har zuwa waɗanda suka biyo bayanta, yake bukatar ya san abin da ke ƙarƙashinsu. A fassarar da ake karantawa a majami'u yanzu ana kiransu firist, da hadaya, da kafara. Dukansu na aro ne, kalmar aro kuwa takan zo da kayan gidansu. Idan mai sauraro bai rarrabe kayan da ta zo da su da ma'anar da aka ɗora mata ba, sai ya ji abin da ba a faɗa ba.

Bari mu fara da firist. A Ibrananci ana ce masa kohen, watau mutum daga zuriyar Haruna, na kabilar Lawi, wanda aikinsa shi ne tsayawa a bagade a madadin jama'a, da rarrabe mai tsarki da marar tsarki. Wannan kalma 'yar'uwar kahin ce ta Larabci, amma a Larabci tana kuma nufin mai duba. Da Yahudawan Iskandariya suka juya Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sai suka sa hiyerus a gurbin kohen. Sabon Alkawari ya bi su, yana kiran firistocin Haikali da wannan suna, yana kuma kiran Almasihu babban firist, amma ko sau ɗaya bai kira wani shugaban ikilisiya hiyerus ba. Sunan da ya ba shugabannin shi ne firesbuteros, ma'anarsa dattijo. Abin mamaki kuwa, daga wannan kalma mai nufin dattijo ne Ingilishi ya sami kalmar da muka Hausantar ta zama firist. Ta haka suna ɗaya ya ɗauki aiki biyu.

Kada ku ɗauka wannan gardamar masu nahawu ce kawai. A 1520 Martin Luta ya kafa hujja da wasiƙar Bitrus ta fari, ya ce dukan masu bi firistoci ne. William Tindel, a fassararsa ta Ingilishi ta 1526, ya ƙi kiran shugabannin ikilisiya firistoci, wannan kuwa yana cikin abubuwan da Tomas Mo ya zarge shi da su. An kashe Tindel a 1536 bisa tuhumar bidi'a. A 1562 Majalisar Tirent ta tabbatar wa Katolika cewa Mas hadaya ce ta gaskiya, wadda firist naɗaɗɗe yake miƙawa. Shi ya sa har wa yau wata ikilisiya take da firist, wata kuwa fasto da dattawa.

Kalma ta biyu ita ce hadaya, wadda asalinta Larabci ne, alhazai ma sun san ta a Mina. Ibrananci yana da kalma mai tattara dukan baiko, watau korban, daga tushen da ke nufin kusantowa, tushe ɗaya da ƙurban na Larabci. Surori 7 na farkon Littafin Firistoci sun kasa ta iri 5. Akwai ola, wadda ake ƙonewa ɗungum. Akwai minha, ta gari da mai da lubban. Akwai shelamim, ta salama, wadda mai bayarwa da iyalinsa suke cin namanta. Sa'an nan akwai hattat domin zunubi, da asham domin laifi, wadda take tafiya tare da mayar da abin da aka ci da ƙarin kashi ɗaya cikin 5. Sura ta 5 ta yi wa matalauci sauƙi: idan ba shi da halin tunkiya ya kawo kurciyoyi biyu, idan ba shi da halin wannan ma ya kawo gari. Darasin da ke nan shi ne, ba kowace hadaya ce ake yi domin zunubi ba, ba kuma kowace ce take da jini ba.

Yanzu sai kalma ta uku, wadda ta fi nauyi. Aikatau na Ibrananci shi ne kiffer, tushensa ɗaya da kaffara ta Larabci. Masana sun rabu a kan ma'anarsa ta asali. Waɗansu sun bi Larabci suka ce rufewa ne, waɗansu kuma sun bi harshen Akadiya na tsohuwar Iraƙi suka ce gogewa ne. Yakubu Milgrom, malamin Yahudawa, ya nuna a 1976 cewa jinin hattat a bagade da wuri mai tsarki ake shafa shi, ba a jikin mai zunubi ba, watau zunubin jama'a yana ƙazantar da mazaunin Allah ne, jini kuwa yana wanke shi. A Ranar Kafara, bisa ga sura ta 16, sau ɗaya a shekara babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki ya yayyafa jini a kan murfin akwatin alkawari, mai suna kafforet. Bunsuru biyu ake kawowa, a yanka ɗaya, a furta laifofin jama'a a kan ɗayan a kore shi jeji da rai.

Masu fassarar Helenanci sun kira murfin nan hilasteriyon, da wannan kalma ce kuma Bulus ya kira Almasihu a Romawa sura ta 3. Me yake nufi? A 1931 C. H. Dod ya ce ma'anar ita ce kawar da zunubi. A 1955 Liyon Moris ya amsa masa cewa akwai kawar da fushin Allah a ciki. Waɗansu kuwa suna ganin murfin kansa Bulus yake nufi, wurin da Allah yake saduwa da mutane. Wasiƙar Ibraniyawa ta haɗa kalmomin uku wuri guda: Almasihu shi ne babban firist bisa ɗabi'ar Malkisadik, tun da yake shi daga kabilar Yahuza ne, shi ne kuma hadayar, an miƙa ta sau ɗaya tak. A kan wannan harsashi ne Anselam ya gina koyarwarsa wajen 1098, cewa mutum ne yake da bashin, amma Allah kaɗai ke da ikon biya. Abelar ya fi ƙarfafa ƙaunar da gicciye yake farkarwa a zuciya, Gustaf Aulen kuwa a 1930 ya tuna wa mutane da tsohuwar fahimta ta nasara a kan zunubi da mutuwa.

A nan ne maganar ta shafe mu. Bahaushe ya san kaffara daga fiƙihu. Wanda ya karya rantsuwa yakan ciyar da miskinai 10, wanda ya karya azumin Ramalana da gangan yakan yi azumin wata biyu a jere ko ya ciyar da miskinai 60. Watau kaffara aiki ne wanda mai laifi yake yi da kansa. A tauhidin Kirista kuwa Allah ne yake tanadar kafara, mutum ya karɓa ta bangaskiya. Saboda haka Musulmi da Kirista suna iya zama a ofis ɗaya shekara da shekaru, suna furta kalma ɗaya, kowa yana tsammani ya gane ɗan'uwansa, alhali kuwa wannan yana maganar abin da ya wajaba a kansa, wancan yana maganar abin da aka yi dominsa.

Ban zo domin in raba gardamar addini ba. Roƙona gare ku, musamman ku da za ku riƙe aikin jama'a masu addini dabam dabam, shi ne kafin ku ƙi maganar mutum ko ku yarda da ita, ku tambaye shi abin da yake nufi da kalmarsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.