Mita Ba Ta Ƙarya: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, an nemi in ɗan yi tsokaci a kan kuɗin wuta, wanda yanzu yake neman ya yi kafaɗa da kuɗin cefane a albashin ma'aikaci.

Har gobe "wutar Nepa" muke cewa, alhali NEPA ta koma PHCN tun 2005, kuma daga Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, har da nan Daura. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai yunit ɗaya Naira 225 ga 'yan rukunin A, masu samun wutar awa 20 a rana. To, yunit ya zama abin lissafi.

Malamanmu na kimiyya, Allah ya saka musu da alheri, sun riga sun ba mu makamin: kayan da ke jan wat 1,000, idan ya yi awa ɗaya, ya ci yunit guda. Mita mai kati kuwa tana nuna ragowar yunit a fuskarta. Ni dai littafi na ajiye kusa da ita, ina rubuta lambar safe da dare.

Abin da littafin ya nuna ya raba gardama a gidana. Kullum yara ake wa faɗa a kan barin ƙwai a kunne, ashe bayin Allah ba su da laifi sosai. Ƙwan zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit. Amma hitar ruwa mai wat 1,500, idan mutum shida suka ɗumama ruwan wanka da hunturu, minti 20 kowanne, yunit 3 ke nan kafin a karya kumallo. Dutsen guga ma ɗan'uwanta ne. Duk abin da ke yin zafi, shi ne ɓarawon.

Sai firizar uwargida, mai sayar da ƙanƙara da bazara. Da muka auna abin da take ci a yini, sai ta ga ashe wani kaso na ribarta daga aljihuna yake fitowa. Da kanta ta gyara farashi, kuma yanzu ita ke sayen katin mako ɗaya a wata.

Masu zaman gidan haya da mita ɗaya, ku gwada wannan littafi mako biyu kafin ku sake zaman raba kuɗi.